Fasfon Bodil da Tutar Aksel

Thy, Denmark
12 ga Fabrairu, 1995

Yaya Bodil,

Gaisuwa daga ni da matata Ragna, da fatan takardar nan ta same ki a tsaye da ƙafafunki. Mu nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu da ta ɗauki gaba da ni tun kafin Kirsimeti. Likita ya ce a yi aiki, na ce sai an gama girbi. Ragna tana nan yadda kika san ta a hoto, sai dai ta ƙara jiki. Kada ki ce ni na faɗa.

Bayan haka, na sayar da gonar. Maƙwabcinmu Preben ne ya saya. Yaran duk suna birni, babban ma in ya shiga garke sai ya toshe hanci. Zan miƙa makullai ranar ɗaya ga Nuwamba, kamar yadda aka saba. Ƙasar Preben yake so, ba ginin ba, kuma bai ɓoye mini cewa zai rushe tsohon gidan ba. Ban ga laifinsa ba, bangon arewa ya daɗe yana shan ruwa.

A gidan nan aka haifi babanki Laurits da ɗan'uwansa, babana. Ɗakin da suka kwana yana nan. Sandar tutar da babanki ya kafa a tsakar gida kafin ya tafi Argentina tana nan tsaye, gindinta kawai aka canza. Tun da iyayenmu suka rasu suka bar mana aikin rubuta wa juna ban taɓa ganin ki ba sai a hoto, ke kuma ba ki taɓa ganin gidan ba. In za ki zo, bana ne. Akwai gado.

Ƙanenki,
Aksel

Tres Arroyos, Argentina
4 ga Maris, 1995

Ƙanena Aksel,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ka da Ragna, wadda ba ta ƙara jikin komai ba, idonka ne ya tsufa. Ka bar taurin kai ka kai gwiwar nan a gyara. Ni lafiyata lau, sai hawan jinin da 'yata Kika take aunawa safe da yamma kamar mai jiran albashi a kansa. Alkama ta yi kyau bana, zafi kuma ya fara sauka.

Wasiƙarka da ta iso na juya ta na ce wa Kika, "Yau Aksel ya yi surutu, har ya kusa cika shafi." Sai da na karanta dariyar ta tsaya. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Gidan da ban taɓa takawa ba, amma na san shi fiye da wasu da suka kwana a ciki. Na san ƙofar kicin gajeriya ce, Baba ya sha buga goshi a kanta. Na san rijiya tana hagu in ka fito, na san wurin da Kaka Maren take zama ta ga hanya. Har ya rasu, in iska ta taso daga teku sai Baba ya ɗaga hanci ya ce, "Wannan ba iska ba ce, ku je Thy ku ga iska."

Ina zuwa. Ka shimfiɗa gadon.

Amma ka ji yadda zan zo. Ba zan shiga ƙasar ubana kamar 'yar yawon buɗe ido mai rataye da kyamara ba. Wata mai zuwa Kika za ta raka ni Buenos Aires, ofishin jakadancinmu, in karɓi jan fasfona na Denmark. Ban taɓa nema ba don ban taɓa zuwa ko'ina ba, amma haƙƙina ne, yana can yana jira na. Fasfon Baba yana durowata tare da littafin waƙoƙin coci, da hatimin ranar da ya fita daga Copenhagen a 1921. Shi zan ajiye musu a kan tebur, sauran magana kuma ai sai gaisuwa.

Kai da kake can ba ka san abin da muke riƙe da shi a nan ba. A cocinmu da harshen Danish ake wa'azi. Tutar da ake ɗagawa ranar biki ni na ɗinka ta, ta uku ke nan da na ɗinka. Yaran da na koya wa karatun Danish ranar Asabar yanzu wasu da jikoki. In ka tsaya a kasuwa ka ce kana neman 'yar Denmark, ko da yake mu da yawa ne, ƙofata za a nuna maka. Mijin Kika, Nestor, cewa yake yi, "Surukata, ke da za ki je can, su ne za su zo koyo a wurinki." Yana zaton tsokana ce, ni kuwa gaskiya na ɗauke ta.

Yayarka,
Bodil

Tres Arroyos
19 ga Afrilu, 1995

Aksel,

Da fatan kuna lafiya kai da Ragna. Ni jikina lafiya. Kika ta ce jinin ya hau, na ce ta bar shi ya hau, yana da dalili.

Mun je Buenos Aires. Na sa rigata mai ruwan toka da ɗan kunnen Mama, na riƙe jakata a ƙirji duk tsawon hanya. A ofishin wata yarinya ce ta karɓe mu, doguwa, mai ladabi, tana magana irin ta Copenhagen kamar da dankali mai zafi a bakinta. Na ajiye mata fasfon Baba da takardar haihuwata da ta baftisma. Ta daɗe tana shafa bangon fasfon, har ta kira wani ya zo ya gani. Ni kuwa ina zaune ina fasa kai.

Sai ta ce, "Mama, kin taɓa zama a Denmark?"

Na ce, "Yanzu dai zan je."

"Ko ziyara, lokacin ƙuruciya?"

"'Yata, ba ki ji ni ba ne? Yanzu zan je."

Ta haɗa takardun a hankali ta turo mini. Ta ce doka ce, kuma tsohuwa: wanda aka haifa a waje, bai taɓa zama a ƙasar ba, ranar da ya cika shekara ashirin da biyu ya fita daga cikin 'yan ƙasa. Na ce wato tun yaushe? Ta duba takardar haihuwata ta ce tun Nuwamban 1946.

Na ce, "Wa ya cire ni? Ni ban ga kowa ya zo ba."

Ta ce, "Ba wanda yake zuwa, Mama. Da kanta take faruwa."

Ban ga laifin yarinyar ba, idonta ma ya kawo ruwa. Don ta kwantar mini da hankali ta ce ai da fasfon Argentina ba na buƙatar biza, zan iya zama har wata uku. Wata uku, Aksel. An yanka mini kwanaki a ƙasar ubana kamar mai haya. A filin jirgi kuma, masu jan fasfo su bi ƙofa ɗaya, ni in bi layin 'yan ƙasashen waje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarar da ta ambata. A 1946 ɗin nan aka shirya zan zo. Yaƙin duniya ya ƙare, 'yan matan nan suna tafiya makaranta can Denmark su yi shekara su dawo, ƙawata Dagny ta tafi, kuma yau jan fasfonta yana jakarta. Ni har akwati na ɗaure. Sai wasiƙar babanka ta zo da labarin yadda kuke fama, Baba ya karanta ya ce, "Abinci za mu aika musu, ko baki?" Ya sa na kwance akwatin. Shekarar nan duka a ɗaki na yi ta, ina ɗinke ƙunshin kaya da zaren buhu har yatsuna suka yi kanta. Ashe ina zaune ina ɗinki ƙasata tana zare ni, ban sani ba.

Kusan shekara hamsin ina ɗaga tutar mutanen da suka daɗe da share sunana. Ranar Lahadi ban je coci ba, na ce kaina ke ciwo. Maganar zuwa kuma, ban san abin da zan ce maka ba.

Bodil

Thy
7 ga Mayu, 1995

Yaya Bodil,

Mun gode Allah, muna lafiya. An gama shukar sha'ir, an fitar da shanu waje, gwiwa tana nan da halinta. Ki riƙa shan maganin da Kika take ba ki.

Na karanta wasiƙarki. Abin bai yi daɗi ba. Amma takarda ce kawai. Ni kaina ban taɓa mallakar fasfo ba, har Norway na je ba wanda ya tambaye ni komai, kuma kin ga ban rasa wani abu ba. Ki zo da na Argentina. Preben ya ce layin 'yan waje ma wani lokaci ya fi sauri.

Kuma na yi miki wani abu. Kin san a nan ba a ɗaga tutar wata ƙasa haka kawai, sai da izinin 'yan sanda. Ranar Talata na sa rigar coci na tafi garin Thisted. Ɗan sandan da na samu ɗan Holger mai gyaran tarakta ne. Ya ce, "Tutar wace ƙasa, Baba Aksel?" Na ce Argentina. Ya ce, "Ƙwallo za a buga?" Na ce yayata ce za ta zo. Ya ce tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa neman irin wannan, sai da ya hau sama ya tambaya. Sun ba ni.

Tutar ba a samun ta a shago, don haka Ragna take ɗinkawa. Shuɗi da farin ba wuya, ranar da ke tsakiya ce ta ba ta aiki, don tana da fuska. Ta farko ta fito kamar Preben, aka warware. Ranar da kika iso, ita za ki gani a kan sandar babanki tun daga kwanar hanya.

Ƙanenki,
Aksel

Tres Arroyos
25 ga Mayu, 1995

Aksel,

Ina gaida Ragna, ka ce ta huta da ɗinki, kada ta ɓata idonta a banza. Lafiyata ba ta dame ka ba, don haka ba sai na ba ka labarinta ba.

Takarda ce kawai. Haka mai abu yake faɗa. Kai da in ka ga dama gobe za ka shiga ofis a miƙo maka, ko ɗaga ƙafa ba ka taɓa yi ba, ni da na yi rayuwata duka ina tinƙaho da ita aka ce ba tawa ba ce. Na rubuto maka da zuciya a fashe, ka amsa mini da saurin layi.

Wannan ma da sauƙi. Yarinyar ofishin nan, doka ta karanta mini, kuma ta ji kunya. Kai kuwa ka sa rigar coci, ka tafi har gari, ka nemi izinin hukuma don ka sauke tutar Denmark daga sandar da ubana ya kafa da hannunsa, ka ɗaga wata, kowa a ƙauyen ya san wadda ta zo ba taku ba ce. Tun daga kwanar hanya, in ji ka. Na gode da ka faɗa mini tun ina gida.

Ba zan zo ba. Gidan da Baba ya ba ni labari yana nan a kaina, kuma a cikinsa ni 'yar gida ce. Preben ya rushe nasa.

Bodil

Thy
6 ga Agusta, 1995

Yaya Bodil,

Gaisuwa, in za ki karɓa. Muna lafiya. Mun fara yankan sha'ir, na ƙarshe ke nan da zan yanka. Na aiko miki da kati a Yuni da wani a Yuli, ban ji komai ba. Kullum in mai kawo wasiƙu ya wuce sai in sami abin yi a bakin hanya, har ya fara ɗaga mini hannu alamar babu tun daga nesa. Ban sani ba ko fushi ne ko ciwo. In ciwo ne, Kika ta rubuto.

Ragna ta wanke ni tas. Ta ce, "Kai da shanu ka iya magana. Mace ta ce maka an cire mata zuciya, ka ce mata layi yana sauri." Na ce ai tutar ta isa ta gane. Ta ce, "Ta gane me? Ka taɓa gaya mata?" Gaskiyarta ce, ban taɓa ba. A nan ba mu iya irin wannan magana ba, muna ɗauka kowa ya sani. Ta ajiye mini takarda da biro ta ce ba abincin rana sai na cika shafi biyu. To ga shi.

A 1946 shekarata goma sha uku. Yaƙi ya ƙare amma babu komai a shago. Shekara da shekaru abin da ake kira gahawa a gidanmu soyayyen hatsi ne. Wandona daga labulen falo aka yanka shi. Sai ƙunshi ya fara zuwa, an ɗinke shi cikin farin buhu, ɗinki ƙanana a jere, har Kaka Maren ba ta yarda a yanka zaren, sai ta zauna ta warware shi ta nannaɗe. A ciki akwai gahawa ta gaske, da sabulu, da naman gwangwani, da ulu.

Duk ranar da ƙunshi ya iso, Kaka takan ce wa babana ya ɗaga tuta. Ba haihuwa, ba aure, ba ranar sarki. Maƙwabta in suka hango ta a ranar da ba ta biki ba, sai kowa ya ɗauki kofinsa ya taho, don sun san gidan Maren akwai gahawa. Kicin ɗin nan mai gajeriyar ƙofa yakan cika har waje. Kaka ta riƙe buta ta ce, "Ku sha, daga Bodil ta Argentina ne." Haka ake kiran ki a ƙauyen nan tun kafin in iya rubuta sunanki. Ba wanda ya taɓa faɗin sa don ya nisanta ki. A bakinmu Argentina ba wata ƙasa ba ce can, wurin da gahawa take fitowa ne lokacin da ba mu da komai.

A ƙunshi na biyu akwai rigar sanyi shuɗiya da kika saƙa, an liƙa mata takarda da sunana. Hannun hagu ya fi na dama tsawo. Da ita na je makaranta hunturu uku, yara suna taɓawa su ji laushinta. Da ta yi mini kaɗan ƙanena ya gada, da ta mutu aka warware aka yi safar hannu. Ban taɓa ce miki na gode ba. Ban kuma san cewa akwatinki aka kwance aka aiko mana da ita ba sai a wasiƙarki ta Afrilu, kuma da na karanta wurin na fita garke na daɗe.

Dokar ta ce a shekarar nan kika daina zama tamu. Ni dai a shekarar nan nake yawo da aikin hannunki a jikina.

Thyra matar maƙeri tana gidan tsofaffi, ta haura casa'in, ba ta gane 'ya'yanta sosai. Da na ce mata Bodil ta Argentina za ta zo, ta ce a nemo mata kofinta. Ban koma na gaya mata kin fasa ba.

Tutar tana ninke a durowa. In kin ce a ƙona, a ƙona. Ragna ta duba ta ce shafi biyun sun cika.

Ƙanenki,
Aksel

Tres Arroyos
27 ga Agusta, 1995

Ƙanena Aksel,

Ina gaishe ka, ina gaida Ragna sau biyu, don ita ce mai hankalin gidan. Ba ciwo na yi ba, fushi ne, kuma na iya shi. Katunanka biyu sun iso, na sa su ƙarƙashin tukunyar fure.

Hannun hagu bai fi na dama tsawo ba. Kai ne kafaɗarka ta karkace, ana gani a duk hotunanka.

Wasiƙarka na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune, sannan na ba Kika ta fassara wa Nestor. Mutumin nan da bakinsa ba ya rufuwa ya tashi ya fita duba motar da ba abin da ya same ta. Shekara hamsin ina ganin shekarar nan a matsayin wadda aka ƙwace mini. Ban san ana ɗaga mini tuta ba. Kai ma da taurin baki, sai da aka hana ka abinci.

Bayan na gama na fita tsakar gida na tsaya ina kallon abin da nake gani tun ina yarinya. Sanda biyu Baba ya kafa a nan, ba ɗaya ba. Kowace Lahadi yakan ɗaga ta Argentina da ta Denmark, ya cire hula ga kowacce. Ni a zatona don kada hukuma ta yi magana ne. Yanzu na tuna abin da yake cewa in ya ja igiyar shuɗiyar: "Wannan ce ta ciyar da mu." Ashe har da ku.

Fasfon Argentina yana hannuna. Tun ranar da muka fito daga ofishin nan Kika ta ja ni aka ɗauki hoto, na sa hannu ina huci, shi ya sa a hoton na fito kamar wadda za ta ci mutum. Da ya iso na jefa shi durowar cokula. Jiya na ciro shi na goge.

Zan sauka Copenhagen ranar uku ga Oktoba. Ga sharaɗina: ta Denmark ba za ta sauka daga sandar Baba ba. Ta Ragna kuma ina so in gan ta tun daga kwanar hanya, kamar yadda ka yi alkawari. Yadda za ka yi, kai ka sani. Ka gaya wa Thyra ta wanke kofinta.

Yayarka,
Bodil

Thy
14 ga Satumba, 1995

Yaya Bodil,

Lafiya lau. Sha'ir ya shiga rumbu, ba laifi.

Ba a haɗa tuta biyu a sanda ɗaya, don haka na sare itace a bayan garke. Preben ya zo da tarakta ya taya ni kafawa. Ya ce, "Sabuwar sanda a gidan da zan rushe nan da wata biyu?" Na ce har yanzu dai gidana ne. Ya yi mata fenti da kansa.

Na koma Thisted an canza ranar izinin. Ɗan Holger ya ce in akwai gahawa zai zo.

Za mu tarye ki a filin jirgi. Ni ne mai karkatacciyar kafaɗa.

Aksel

Tres Arroyos
20 ga Nuwamba, 1995

Ƙanena Aksel,

Na iso gida lafiya, na tarar da kowa lafiya, alkama ta fara ja. Yaya sabon gidan naku na gari, yaya Ragna da ƙaramin kicin? Yanzu girbi ya wuce, ba ka da sauran hujja, ka kai gwiwar nan.

Wata guda na yi a gidanku muna magana, ko in ce ina magana kana cewa "haka ne," amma akwai abin da ban ba ka labari ba, don ina so in rubuta shi yadda ba za ka katse ni da zancen ruwan sama ba.

Da muka sauka daga jirgi na ga ƙofofin nan biyu. Masu jan fasfo suna ɗaga shi sama kawai su wuce, ko tsayawa ba sa yi. Na bi nawa layin, gabana wasu samari masu manyan jakunkuna, bayana wata mata da jariri. Ba zan yi maka ƙarya ba, na riƙe shuɗin fasfon nan ta yadda bangonsa ba zai nuna ba. Da na isa gaban jami'in ya tambaye ni da Turanci abin da ya kawo ni. Na amsa masa da harshen Baba, na ce, "Gidanmu na zo gani kafin a rushe." Ya ɗago ya dube ni, ya dubi fasfon, ya ce, "Mama, wannan ai maganar Thy ce. Yaushe rabonki da can?" Na ce ban taɓa zuwa ba. Sai ya ɗauko hatimi.

A nan na lura da abin da ban yi tunani ba. Su masu jan fasfo ba a buga musu komai. Sun shiga, amma ba abin da zai nuna sun shiga. Na dafa teburin na ce, "Yaro, ka danna da ƙarfi, ina so ya fito." Ya miƙe tsaye ya danna da hannu biyu.

Sauran ka sani. Kai da Ragna da yaran da ƙananan tutoci a hannu, kai kuma duk abin da ka iya cewa bayan shekara talatin muna wasiƙa shi ne, "To, kin iso." Ka ce iska ce ta shiga idonka, a cikin gini. Na hango tutocin biyu tun daga kwanar hanya, ja a sandar Baba, shuɗiya a taka, kuma ka gaya wa Ragna ranar da ke tsakiyar tutar har yanzu tana ɗan kama da Preben. Na buga goshi a ƙofar kicin, da gangan ko ba da gangan ba, ba ruwanka. Da na ga tsofaffin nan suna tahowa a hanya kowa da kofinsa, ana turo Thyra a keke, na gode Allah da ban saurari Kika ba da ta ce wauta ce kai gahawa ƙasar da ta fi mu shan ta. Thyra ta kurɓa ta ce, "Ta wancan karon ta fi ƙarfi." Ban taɓa jin yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Kada ka gaya mini ranar da Preben zai sa mota a gidan. Na gan shi, ya isa.

Kai kuma ka je wurin ɗan Holger ka karɓi jan fasfon nan da kake rainawa, ku zo girbin Janairu. Ba ku buƙatar biza, na tambaya. Za ka bi layin 'yan waje, an ce wani lokaci ya fi sauri. Na fara saƙa maka rigar sanyi, kuma wannan karon na auna kafaɗar.

Ranar Lahadi bayan coci na tafi maƙabartarmu ni kaɗai, da fasfo biyu a jaka. Na zauna a gefen kabarin Baba na buɗe nasa, wurin hatimin Copenhagen na 1921, wanda bayansa shafukan duk farare ne, don bai taɓa komawa ba. Na buɗe nawa na ajiye kusa da shi a kan dutsen. Gari ɗaya, nasa na fita, nawa na shiga. Da jan fasfon suka ba ni, da ba ni da abin da zan nuna masa.

Na ce, "Baba, ka fita, ni na shiga mana. Sandarka tana nan tsaye, kuma ka yi gaskiya, wannan tamu ba iska ba ce."

Yanzu su biyun suna durowa ɗaya, tare da littafin waƙoƙi.

Yayarka,
Bodil ta Argentina